Gidan harsashi na biyu a jikin bindiga: Hanyoyin ɗaukarsa, amfaninsa da illarsa

Duk mai bibiyar hotunan da ke fitowa daga fagen daga, ko daga harabar hedikwatar 'yan sanda a ranar da ake holen waɗanda ake zargi, zai lura da wani abu da ke yawan maimaituwa: bindiga ƙirar AK-47 ɗauke da gidan harsashi biyu manne da juna, an naɗe su da salatif ko robar taya, ɗaya a cikin bindigar, ɗayan kuma a gefe bakinsa na kallon ƙasa. A wasu hotunan, musamman na dakarun ƙasashen waje, za a ga gidan harsashin na biyu a cikin 'yar jaka a gindin bindigar, ko a maƙale da wani ƙarfe a gefenta.

Mutane da dama suna ɗauka cewa wannan ɗaurin yana sa bindiga ta harba harsashi 60 a jere ba tsayawa. Ba haka ba ne. Bindiga gida ɗaya take ci a lokaci guda. Idan harsasan cikinsa suka ƙare dole mai ita ya zare shi, ya juyo na biyun ya soka, ya sake ɗana bindigar, sannan ta ci gaba. Abin da ɗaurin ke rage masa kawai shi ne kai hannu aljihu. A kan wannan ɗan taƙin ne sojoji da maƙeran makamai suka shafe sama da shekara 80 suna gwaje-gwaje, kuma har yau kowace dabara da aka fito da ita tana da kuɗin da ake biya a kanta, ko ta fuskar nauyi, ko ƙura, ko cijewar bindiga a lokacin da aka fi bukatarta.

A fara daidaita suna

Gidan harsashi shi ne akwatin nan na ƙarfe ko na roba mai tauri da ake jera harsasai a cikinsa a soka a ƙasan bindiga. A cikinsa akwai sifirin da ke tunkuɗo harsasan sama ɗaya bayan ɗaya. A bakinsa kuma akwai leɓɓa biyu da ke riƙe da na saman, har sai ƙarfen cikin bindigar ya zo ya ture shi zuwa cikin bututu. Kwanso kuwa shi ne ɓawon da bindiga ke tofarwa bayan harbi. Jigida ita ce harsasan da aka jera a sarƙa, wadda manyan bindigogi masu aman wuta suke ci. Abubuwa uku ne daban-daban, amma sau da yawa labaran Hausa sukan cakuɗa su.

A Turance sunan gidan harsashi magazin, kuma asalin kalmar Larabci ne, daga makhazin, jam'in makhzan, wato ma'aji ko rumbu. Da wannan kalmar dai Turawa suke kiran mujalla. Shi ya sa a teburin tace labarai ba sau ɗaya ba mukan ci karo da fassarar gaggawa da ke cewa an kama ɗan fashi da bindiga ɗaya da "mujallu" biyu, sai ka ce karatu ya fita yi.

Me ya kawo bukatar?

Lissafi ne mai sauƙi. AK-47, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara kuma rundunar Tarayyar Sobiyet ta karɓa a 1949, tana ɗaukar harsashi 30 a gida ɗaya. Idan aka saita ta a kan harbin ba-ƙaƙƙautawa tana fitar da kimanin harsashi 600 a minti ɗaya, wato goma a kowace daƙiƙa. Ke nan wanda ya danne kunama bai ɗaga yatsa ba, cikin daƙiƙa uku gidan ya zama fanko. Bindigogin FN FAL da G3, waɗanda sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa, harsashi 20 kacal gidansu ke ɗauka.

Soja mai horo ba ya harbi haka, amma ko shi ya san cewa lokacin sauya gidan harsashi shi ne lokacin da bindigarsa ba ta da bambanci da sanda. Saboda haka ake neman hanyar gajarta wannan lokaci.

Akwai dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi. Ba kullum mai bindiga ke samun sukunin ɗaura ɗamara da jakunkunansa ba. Wanda aka kai wa farmaki cikin dare yana barci, ko direban motar sulke da ya diro da sauri, ko ɗan sandan da ya fizgo bindiga daga cikin mota, abin da ke jikin bindigar shi ke nan abin da yake da shi. A Amurka wannan tunani ya samu gindin zama bayan abin da ya faru a unguwar North Hollywood ta birnin Los Anjalis ranar 28 ga Fabrairun 1997, inda 'yan fashin banki biyu sanye da sulke, riƙe da bindigogi masu sarrafa kansu, suka shafe kimanin minti 44 suna musayar wuta da 'yan sandan da akasarinsu ƙananan bindigogi ne a hannunsu. Bayan nan ne rundunonin 'yan sanda da yawa a ƙasar suka fara ajiye dogayen bindigogi a motocin sintiri. Ɗan sandan sintiri kuwa ba ya yawo da rigar aljihunan harsashi irin ta soja, don haka kasuwar kayan maƙala gida na biyu a jikin bindiga ta buɗe.

Ɗaurin daji

Hanya mafi tsufa kuma mafi arha ita ce a haɗa gida biyu a naɗe da salatif. Sojojin Amurka suka laƙaba mata sunan da ke nufin ɗaurin daji, kuma ta yaɗu ne a Yaƙin Duniya na Biyu tsakanin masu riƙe da bindigar Thompson da ƙaramar bindigar nan M1 Carbine. Ba wani ofis ne ya tsara ta ba. Sojojin da ke gaba ne suka ƙirƙiro ta, hukuma ta biyo baya. Abin ya karɓu har rundunar sojin Amurka ta fito da wani ƙarfe na musamman mai suna T3-A1, wanda ke matse gidaje biyu masu cin harsashi 30 na M1 Carbine ba tare da salatif ba. Wanda ya san shahararren hoton Malcolm X na 1964, inda yake leƙen taga riƙe da bindiga, to M1 Carbine ce, kuma gida biyu ne a haɗe a jikinta.

A wancan yaƙin an yi wasu gwaje-gwaje biyu da suka cancanci ambato. Bindigar Amurka mai suna United Defense M42, wadda hukumar leƙen asiri ta OSS ta riƙa jefa wa 'yan gwagwarmaya a Turai, akan ba da ita da gidaje biyu masu cin harsashi 25 da aka yi wa walda wuri guda tun daga masana'anta. Jamusawa kuma, da suka ga bindigar PPSh-41 ta Sobiyet na ɗaukar harsashi 71 a gidanta mai siffar ganga, alhali tasu MP 40 tana ɗaukar 32, sai suka ƙera wani samfuri da ke karɓar gida biyu kafaɗa da kafaɗa a cikin wani maƙunshi mai zamewa. Idan ɗaya ya ƙare sai a tura na biyun ya maye gurbinsa. Bindigar ta yi nauyi, daidaitonta a hannu ya lalace, ba a ƙera da yawa ba aka watsar.

Daga baya ɗaurin ya bi AK-47 duk inda ta je. Sojojin Sobiyet a Afganistan, tsakanin 1979 da 1989, sun shahara da naɗe gidajensu da shuɗin salatif na masu gyaran lantarki. A yau da wuya a ga rikici a Afirka, ko Gabas ta Tsakiya, ko Kudancin Amurka da ba a ga wannan ɗauri a hotunansa ba.

Ɗaurin iri biyu ne, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. A na farko, gida na biyun a kife yake, bakinsa na kallon ƙasa. Shi ne aka fi gani, domin ya fi sauƙin haɗawa, kuma shi ne mafi muni. Soja idan aka buɗe masa wuta abu na farko da yake yi shi ne faɗuwa rub da ciki. Da ya faɗi, abin da ke fara taɓa ƙasa shi ne buɗaɗɗen bakin gida na biyun, ya kwashi yashi ko taɓo ko ciyawa, leɓɓansa kuma su bugi dutse su lanƙwashe. Idan gida na farko ya ƙare ya juyo wannan ya soka, ya zuba wa bindigarsa ƙasa da hannunsa ke nan. Sannan tsawon gidajen biyu a kife yakan hana shi kwantawa sosai, dole ya ɗaga kai da ƙirji fiye da yadda ya kamata.

A na biyun, gidajen biyu duk sama suke kallo, da ɗan tsinke ko katako a tsakaninsu domin a samu ratar da gefen bindigar zai shiga. Wannan ya kawar da matsalar cusa baki a ƙasa, amma bakin na biyun yana nan a buɗe ga ƙura da ruwan sama. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu ke shiga ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, ba sai an yi masa bayanin abin da take yi wa buɗaɗɗen gidan harsashi a bayan mota a hanyar Damboa ko Baga ba.

Shi kansa salatif ba abin dogaro ba ne a ƙasa mai zafi. Danƙonsa yana narkewa, gidajen su fara zamewa, ƙura ta manne a jiki. Shi ya sa a yankinmu aka fi ganin robar taya, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a bayan babur.

Mahaɗin masana'anta

Kamfanonin makamai sun ga abin da sojoji ke yi da salatif, sai suka mayar da shi haja. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya yi wa bindigarsa MP5 wani ƙarfen matsi da ke riƙe gida biyu, wanda aka saba gani a hannun dakarun ceto waɗanda aka yi garkuwa da su. Ga irin aikinsu dabarar ta dace: aiki ne na 'yan mintoci, a cikin gini ko jirgin sama, ba rarrafe a cikin yashi ba. Kamfanin Magpul na Amurka, wanda wani tsohon sojan kundumbala Richard Fitzpatrick ya kafa a 1999, yana sayar da irin wannan mahaɗi na roba mai suna MagLink domin gidajensa na PMAG, kuma akwai ire-irensa da yawa a kasuwa.

Wasu kuma sun gina mahaɗin ne a jikin gidan harsashin kansa. Bindigar SIG SG 550, wadda sojojin Suwizalan suka fara riƙewa a 1990, tana da gidaje na roba da ake hango harsasan ciki, kuma a gefen kowanne akwai 'yan ƙusoshi da ramuka da ke ba da damar a harɗa biyu ko uku ba tare da wani ƙarin kaya ba. Bindigar G36 ta sojojin Jamus, wadda ta zo a ƙarshen shekarun 1990, ita ma haka gidajenta suke. Sai dai waɗannan ƙusoshin suna ƙara wa gidan kauri, kuma sukan sarƙe a bakin aljihu lokacin da ake son zaro shi da sauri. An magance matsala ɗaya, an haifar da wata.

Mahaɗi ya fi salatif ƙarfi da tsafta, amma akwai illoli uku da bai kawar ba.

Ta farko nauyi. Gidan AK na ƙarfe idan an cika shi ya haura gram 800. Bindigar AKM da gidanta ɗaya a cike tana kusan kilo 4, idan aka ƙara na biyu ta doshi kilo 5. Na M16 ya fi sauƙi, kusan rabin kilo ne a cike, amma ko shi ana jin sa a hannun da ya wuni yana sintiri. Kuma duk wannan nauyin yana rataye ne a kan 'yar sakatar da aka ƙera domin riƙe gida ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya sakatar takan ci, gidan ya fara lilo, harsashi ya daina hawa daidai.

Ta biyu, duk lokacin da bindiga ta yi harbi tana naushi baya, kuma wannan girgizar takan sa harsashin saman gida na biyun ya riƙa zamowa gaba kaɗan-kaɗan. Idan aka zo soka gidan sai kan harsashin ya tokare, ya ƙi shiga. Ɗan lokacin da ake fatan ragewa sai a yi asarar ninkinsa wajen gyara.

Ta uku ta danganta da ƙirar bindigar. A jikin M16 da ƙanwarta M4, ƙofar da kwanso ke fita tana dama, maɓallin sakin ƙarfen ciki kuma yana hagu. Gida na biyu idan ya zauna a dama ya yi sama da yawa, zai iya tare hanyar kwanso bindiga ta cije. Idan ya zauna a hagu kuma ya rufe maɓallin. A jikin AK, mariƙin ɗanawa da ƙarfen saita harbi duk a dama suke, kuma gidanta ba a miƙe ake soka shi ba, sai an maƙala gaba an jawo baya, abin da kaurin gida biyu ke ƙara wa wuya.

Ma'aji a gefen bindiga

Wata dabarar daban ita ce a raba gida na biyun da na farko, a yi masa mazauni nasa a jikin bindigar. Mafi shahara a wannan fanni shi ne Redi-Mag, wani ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen hagu na bindigogin dangin M16. Gida na biyun yana shiga cikinsa kamar yadda yake shiga bindiga, bakinsa a rufe. Wannan ya magance matsalar ƙura da ta zamowar harsashi, kuma nauyin ba ya kan sakatar bindigar. Wanda ya ƙare kuma ana iya yar da shi shi kaɗai, ba kamar haɗaɗɗun gidaje ba da dole a ci gaba da ɗaukar fankon.

Amma shi ma ƙarfen yana da nasa nauyin, yana karkatar da bindigar gefe ɗaya, yana kuma rufe maɓallin hagu sai an yi masa ƙari. A samfurin farko ma, maɓalli ɗaya ne ke sakin gidajen biyu, ta yadda wanda ya danna bai riƙe na biyun ba sai ya ga cikakken gidansa a ƙasa. Daga baya aka fito da mai maɓalli daban.

Akwai kuma masu mayar da gida na biyun mariƙin gaba, a maƙala shi a ƙarƙashin bututu. Wannan ya fi kowanne gajiyar da hannu, domin nauyin ya yi nisa da jiki.

Gindin bindiga

A nan ma M1 Carbine ce ta buɗe hanya. An ba sojojin Amurka wata 'yar jakar tamfol mai ɗaukar gida biyu masu cin harsashi 15, domin su rataya a ɗamara. Sai suka gano cewa madaukinta yana shiga gindin bindigar daidai, suka riƙa zura ta can. Hotunan yaƙin cike suke da wannan. Har yau ana ɗinka irin wannan jaka domin bindigogi iri-iri.

Cikin duk hanyoyin, wannan ce ta fi kare gidan harsashi daga ƙura da bugu, kuma nauyin yana kusa da kafaɗa inda ba a cika jin sa ba. Aibinta shi ne ba ta da sauri ko kaɗan. Buɗe jaka a gindin bindiga ya fi zaro gida daga ƙirji ɗaukar lokaci. Amfaninta shi ne tabbacin cewa wanda ya ɗauki bindigar ya ɗauki harsashin ƙari, ba wai sauri ba. Tana kuma hana mai harbi ɗora kunci idan ya sauya kafaɗa, kuma ba ta zama a kan bindigogi masu gindin ƙarfe mai naɗewa irin AKMS.

Wasu maƙeran sun huda gindin ne suka yi ma'aji a ciki. Bindigar AR-7 da Eugene Stoner ya tsara, wadda ta fito a 1959, ana kwance ta gaba ɗaya a zuba bututunta da gidan harsashinta a cikin gindinta. An yi ta ne domin wanda ya maƙale a daji, ba domin yaƙi ba. Steyr Scout ta ƙasar Ostiriya, wadda aka ƙera a ƙarshen shekarun 1990 bisa tunanin Kanar Jeff Cooper, tana da ramin gida na biyu a ƙasan gindinta. Kel-Tec SU-16 ta Amurka tana ɗaukar ƙananan gidaje biyu masu cin harsashi 10 a nata gindin. Kamfanin FAB Defense na Isra'ila kuma yana sayar da gindi mai suna GL-MAG domin M4, mai ramin gida ɗaya. Akasarin waɗannan bindigogin farauta ne ko na ko-ta-kwana, inda bukatar ita ce a ɗauki abu ɗaya a fita.

Ko a ƙara girman gidan?

Mai karatu zai iya tambaya: maimakon gida biyu, me zai hana a yi guda ɗaya babba? An yi. Bindigar RPK, babbar 'yar'uwar AK, tana da dogon gida mai cin 40 da mai siffar ganga mai cin 75, kuma dukansu suna shiga AK. A ɓangaren M16 akwai Beta C-Mag mai cin 100, da na kamfanin SureFire mai cin 60, da gangar D-60 ta Magpul. Waɗannan su ne kaɗai ke ba da harbi mai tsawo ba tare da sauyi ba, abin da jama'a ke zaton ɗaurin salatif na yi.

Matsalarsu ita ce idan babban gida ɗaya ya cije, duk harsasan cikinsa sun tashi aiki a lokaci guda. Suna da tsada, cika su na ɗaukar lokaci, masu siffar ganga ba sa shiga aljihu, wasu kuma suna ƙara idan ana tafiya. Ƙari a kan haka, bututun bindigar soja ba a yi shi domin harbi mai tsawo ba. Wanda ya zazzage gida uku ko huɗu a jere a AK zai ga katakon gabanta na hayaƙi.

Abin da rundunoni suka zaɓa

Bayan duk waɗannan gwaje-gwajen, manyan rundunonin duniya sun tsaya ne a kan abu mafi sauƙi: gida ɗaya a bindiga, saura a jikin soja. Sojan ƙasa na Amurka yakan fita da gida bakwai, harsashi 210, shida daga ciki a aljihunan ƙirji ko ɗamara. Rigar ƙirji ta ƙasar Sin mai manyan aljihu uku, wadda mayaƙan Biyetnam suka yi fice da ita, ta nuna ingancinta har sojojin Sobiyet a Afganistan suka riƙa kwasar ta daga hannun abokan gaba suna kuma ɗinka irinta. Suna kiranta da kalmar Rashanci da ke nufin rigar mama. A cikin aljihu bakin gidan a rufe yake, nauyin yana kan gangar jiki, bindigar kuma tana nan da sauƙinta. Sojan da ya maimaita sauya gida sau ɗaruruwa a filin horo, ratar da ke tsakaninsa da mai ɗaurin salatif ba ta taka kara ta karya ba.

Saboda haka gida na biyu a jikin bindiga ya fi dacewa da wanda aikinsa gajere ne, ko wanda ba ya sanye da kayan yaƙi a kowane lokaci: mai gadin ƙofa, ɗan sandan mota, dakarun kutsawa gini, ma'aikacin motar sulke. Ga mai doguwar tafiya a ƙasa cikin yashi da ƙaya, asararsa ta fi ribarsa.

To me ya sa ake yawan ganinsa a hannun 'yan bindigar daji da sauran mayaƙan sa-kai? Wani ɓangare rashin kaya ne, domin wanda ba shi da rigar aljihu dole ya nemi inda zai sa gida na biyu, kuma a kan babur abin da ke jikin bindiga ya fi saurin kai wa hannu. Wani ɓangaren rashin horo ne: mai danne kunama har gida ya ƙare ya fi kowa jin bukatar na biyu a kusa. Sauran kuma burga ce zalla. Bindiga mai gida biyu ta fi cika ido a bidiyo, ta fi tsorata ɗan ƙauye, kuma masu ita sun san haka.

Doka, da karanta hoto

A Najeriya wannan batu ba na farar hula ba ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja a rukunin haramtattun makamai, waɗanda babu mai mallakar su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigogin farauta na zamani suna ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma harsashi ma ba a riƙe shi sai da izini. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ba bisa ƙa'ida ba ya kai ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Wanda ya tsinci gidan harsashi a gona ko a gefen hanya, abin da ya kamata shi ne ya bar shi a inda yake ya sanar da jami'an tsaro.

Inda bayanin ke da amfani ga mai karatu shi ne wajen fahimtar hotuna da bidiyon da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Ganin gida biyu a ɗaure ba ya nuna ko mai riƙe da bindigar soja ne, ko ɗan sanda, ko ɗan ta'adda, domin ana samun ɗaurin a kowane ɓangare. Ba ya nuna daga wace ƙasa bindigar ta fito. AK ana ƙera ta a ƙasashe da dama, har da samfurin OBJ-006 na masana'antar DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, kuma gidajen masu cin harsashi iri ɗaya suna shiga juna. Haka nan ba ya nuna cewa harsashi 60 ne a jikin bindigar, domin gidan ƙarfe ba a ganin cikinsa, kuma na biyun zai iya kasancewa fanko ko rabi.

Ga masu rubuta labari kuma, idan sanarwar jami'an tsaro ta lissafa abin da aka ƙwato, bindiga daban ake ƙirga ta, gidan harsashi daban, harsashi daban. Gida biyu da aka naɗe wuri guda biyu ne, ba ɗaya ba, yawan harsasan cikinsu kuma sai an zazzage an ƙirga.